Abin da na koya da na sa wa kujerun Hilux ɗina fata

Kujerar a-kori-kura ba ta samun hutu. Ƙaramar motar gida da wankakkun kaya ake shigarta, ita kuwa wannan daga gona ake faɗa mata, ko daga wurin gini, ƙura a jiki, gumi a baya. Yadi kuma komai shanyewa yake yi. Ƙurar hunturu ta shige cikin saƙarsa, kunun da ya zube ya nutse har cikin soso, damina na sauka wari ya taso. Tawa Toyota Hilux ce mai ƙofa huɗu, tsohon yayi. Da yadin kujerar direba ya fara yagewa ta gefen da ake shiga, sai na ƙudura sa wa kujerun fata, kuma duk abin da hannuna zai iya, ni zan yi shi. Babban abin da aikin ya nuna mini shi ne kyan kujera daga ƙarƙashi yake tasowa: daga soso, da wayoyin ƙarfen da ke binne a cikinsa, da ƴan zobban da ba wanda zai sake ganinsu bayan an rufe.

Amma bari in fara da fatar, don a wurin sayenta aka fi cutar mutane. Da yawa daga abin da ake tallatawa da sunan fata leda ce, roba ce aka shimfiɗa a kan yadi aka buga mata zane. Juya bayanta kawai za ka yi. In ka ga saƙa, roba ce. Fata ta gaske bayanta gashi-gashi ne mai laushi, babu zare ko ɗaya. Leda mai kyau ba abar rainawa ba ce, don su kansu kamfanonin ƙera motoci galibi inda jiki ke taɓawa kaɗai suke sa wa fata, gefe da bayan kujera su rufe da leda. Wadda za a guje wa ita ce ta tarkacen fata da aka niƙa aka haɗe da gam. Tana da ƙanshin fata, tana da arha, amma rana na dukanta sai ta fara ɓarewa.

Na so ƙwarai in yi aiki da fatar gida. Mu ne fa masu jan akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta bi ayarin raƙuma ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, kuma har yau majema na aiki a Ƙofar Wambai cikin birnin Kano. Sai dai fatar akuya ba ta cika wuce ƙafa 6 ko 7 murabba'i ba, ta babbar saniya kuwa takan kai 50. Mazaunin kujera yana son falle mai faɗi wanda ba haɗi a tsakiyarsa. Ga kuma bambancin jima. Jimar bagaruwa ta dace da jaka da takalmi da kube, amma tana shan ruwa, gumi yana baƙanta ta, rininta kuma yana iya bin farar riga. Fatar mota da wani sinadari, gishirin kurom, ake jeme ta, kaurinta milimita 1 da ɗan ɗoriya, sannan a bi fuskarta da fenti da wani shafi mai jure rana da goga. Kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa a Kano sun fi sarrafa fatun awaki da tumaki don fitarwa waje, fatar shanu kuma mai yawa tukunya take ƙarewa a matsayin ganda. Abin yana yi mini ciwo, a ce mutum yana zaune a ƙasar dabbobi amma fatar kujerar motarsa sai an shigo da ita.

Kwance kujera ba wuya: ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da ita a ƙasan mota, a tawa sifana mai lamba 14 ta kwance su. Abin kula shi ne wayoyin da ke ƙarƙashinta. Kafin a taɓa ko ɗaya, a cire kan batir na ɓangaren baƙar waya, a jira aƙalla daƙiƙa 90, haka Toyota ke umartar makanikanta, saboda na'urar jakar iska, jakar da ke kumbura ta tare mutum in an yi hatsari, tana riƙe wuta na ɗan lokaci ko bayan an cire batir. Duk soket mai launin rawaya na jakar iska ne ko na bel, ba a gwada shi da fitilar gwaji, ba a kuma kunna makulli alhali yana cire. A duba gefen jinginar kujera ta wajen ƙofa. In akwai ɗan ƙyalle ko tambari mai rubutun SRS AIRBAG, to akwai jakar iska a cikin kujerar kanta, kuma idan hatsari ya faru ɗinkin gefen take fasawa ta fito. An yi wannan ɗinki da zare da tazarar da aka auna don ya ɓalle a kan lokaci. Tela mai kyakkyawar niyya zai iya ninka shi da zare mai ƙarfi don ya daɗe, ya toshe wa jakar hanya bai sani ba. Tawa ba ta da ita, shi ya sa na samu damar bayar da ɗinki a gida. Wanda tasa ke da ita, shawarata ya sayi rigar kujera ɗinkakkiya daga kamfanin da ke gwada wannan ɗinki, irin Katzkin na Amurka, ko ya haƙura da yadinsa. Ban ga kyan da ya kai a saye shi da haƙarƙarin mutum ba.

Da aka yaye yadin ne na ga ainihin kujerar. Soson ba dunƙule kawai ba ne, yana da kwaruruka, a gindin kowane kwari akwai siririyar wayar ƙarfe da aka binne tun wurin ƙera shi. Ita ma rigar tana da nata wayoyin a cikin ƴan aljihunan ƙyalle ta ciki. Ƙananan zobban ƙarfe masu siffar harafin C su ke haɗe wayar riga da wayar soso, su ke janyo rigar ta nutsa cikin kwarin, kujera ta fito da ƙirarta. Wasu sababbin motoci maƙalai na roba suke da su ko abin manne mai ƙaiƙayi irin na madaurin takalmi, amma aikinsu ɗaya. Duk kujerar da ka gani ta kumbura, ba kwari ba tudu, an tsallake waɗannan zobban ne don sauri. Ana yanke tsofaffin da filaya a tsince su tas, don guntu ɗaya da ya saura zai huda sabuwar fata daga ciki. Kada a fizgi rigar da ƙarfi, wayar soso na iya tsigewa, kuma mayar da ita aiki ne babba. Na ɗauki hoto da waya a kowane mataki kafin in cire abu, hotunan nan su suka yi mini jagora wurin mayarwa.

Shi kansa soson, na gefen direba ya riga ya mutu, ya kwanta ya fara marmashewa inda cinya ke murza shi wajen hawa da sauka, don a-kori-kura na da tsayi, kowa a kan wannan gefen yake zamewa. Yadi yana ɓoye irin wannan, fata kuwa tona shi take yi: duk rami, duk ƙulli, sai ya bayyana a fuskarta, kuma daidai nan za ta fara tattarewa ta tsage. Tururi yana ɗan tayar da soson da ya kwanta, amma wanda ya ruɓe sai a yanke shi, a manna sabo mai tauri da gam, a sassaƙe shi da wuƙa har ya yi daidai da ɗan'uwansa na ɗaya gefen. A nan na fi ɓata lokaci, kuma a nan na fi ganin amfanin lokacin.

Ɗinki kam ban yi shi da kaina ba, keken gida ba ya jan fata. Na warware tsohuwar rigar falle-falle, na yi wa kowane falle lamba da alamar inda yake haɗuwa da na kusa da shi, na kai wa wani dattijo mai ɗinkin kujerun mota. Ya ɗaga falle ɗaya ya ja shi da hannu biyu, ya ce, "Yaro, wannan ya saki. In muka yanka fata a kansa yadda yake, rigar za ta yi wa kujerar yawa." Na ce, "To Baba, yaya za a yi?" Sai ya sa na kawo soson, ya auna a jikinsa. A wurinsa na ga cewa allura in ta huda fata ramin ya zauna ke nan, ba a warwarewa a sake, kuma ɗinki mai ƙanana sosai yanka fatar yake yi, don haka ake buɗa tazararsa. Ya kuma lulluɓe bayan kowane falle da siririn soso mai yadi, wanda ke sa fuskar ta cika ta yi sumul.

Wurin sakawa, rana abokiyar aiki ce. A shanya rigar ta ɗumama, sai ta yi laushi ta riƙa miƙewa. Zobba daga tsakiya ake fara matse su, a yi waje, da filayar da aka yi dominsu. Wasu na maye gurbinsu da igiyoyin roba masu haƙori na ɗaure wayoyi, amma zafin cikin mota yana busar da roba, ni ƙarfe na zaɓa. Rigar jingina juya ta ake yi ciki ya koma waje, a kafa ta a sama a riƙa naɗo ta ƙasa kamar safa, ana matse zobba layi-layi. In ta cije, a rufa wa soson siririyar leda ta zame a kai. Ramukan ƙarfen matashin kai da na hannun kwantar da kujera su ne na ƙarshe, sai komai ya zauna daram. A laluba wurin da yatsa, a yi ɗan tsagi ƙarami fiye da yadda ake buƙata, a tura bakin fatar ƙarƙashin robar. Ƴan tattarar da suka rage, tururi da zaman rana suna baje su. Wurin mayar da kujera kuwa, a fara kama ƙusoshin huɗu da hannu kafin a ɗaure su tamau, domin maƙallin bel a jikin kujerar yake. Soket duka su koma kafin batir, sannan a kunna a tabbata fitilar jakar iska ta kama ta mutu.

Akwai abin da fata ba ta fi yadi ba, kuma gara a san shi tun kafin a kashe kuɗi. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, baƙar fata da ta wuni a rana ƙona cinya take yi, baya kuma ya jiƙe don ba ta shan gumi. Shi ya sa na ɗauki launin ƙasa mai haske, na sa mai ƙananan huji a tsakiyar mazauni da jingina, ina kuma rufe gilashin gaba in zan ajiye motar. Hunturu yana busar da ita, ƙura kuma in ta taru a bakin ɗinki cin zaren take yi a hankali. Tsumma mai ɗan danshi ya isa a goge ta, da man fata na mota jefi-jefi. Ban da fetur, ban da garin sabulun wanki, ban da man kaɗanya ko na gyaɗa, don shafin da ke fuskar fatar ba ya barin irin wannan mai ya shiga, a sama yake tsayawa ya kama ƙura ya ɓata wa mutum kaya.