Katangar da ta karya teburin Inna

Ranar Asabar na shiga gidan ƙanwata a Malali, na iske ɗanta tsugune a bakin famfo yana wanke tsakuwa cikin bokiti. Gefensa ga ledar siminti, ga farin soson nan da ake tallafe sabon firij da shi cikin kwali, ga gwangwanin fentin feshi. Ba sai na tambaya ba, ni na ɗora masa wannan ciwon. Ni na ba shi 'yan sojojin roba guda ashirin da ƙwayar ludo da tef ɗin tela, na koya masa jera runduna biyu a tebur, a auna takun kowane soja, a jefa ƙwaya a ga harbin wa ya samu. Yanzu katangar dutse yake so, wadda sojojinsa za su laɓe a bayanta.

Na ce, "Kai, ajiye simintin nan." Ya ce, "Kawu, ai na gani a waya." Ko ɗago kai bai yi ba.

Ni dai ban ga tawa a waya ba, don a lokacin babu. Wani tsohon soja maƙwabcinmu a Tudun Wada, wanda ya yi aiki a Jaji, shi ya fara nuna min yadda ake tsara filin daga a kan yashi, ya ce tun 1824 sojojin Furusiya, wata tsohuwar masarauta ta Jamusawa, suka mayar da irin wannan wasa hanyar horar da hafsoshi. Daga ranar na kamu. Da na tashi yin katanga, sai na ce katangar dutse ai da dutse ake yin ta. Har gobe ban ga laifin wannan tunani ba. Na gangara bakin Kogin Kaduna na kwaso tsakuwa, na sayo falanki a Panteka, na yi wata uku ina liƙa dutse ɗaya bayan ɗaya da siminti, da kuɗin da aka ba ni na littattafai. A duk watannin nan, ko sau ɗaya ban ɗauko soja na tsayar kusa da ita ba.

Sojan nan milimita 28 ne tsawonsa, wato mutum an rage shi kusan sau 56. Katangar da ta kai mita ɗaya a zahiri, a tebur milimita 18 ce, ba ta kai rabin tsinken ashana ba. Tawa kuwa ta kai faɗin tafin hannu, kowane dutse ya fi sojan girma. Ranar da na jera su sai suka ɓace, kamar tururuwa a gindin duwatsun Kajuru. Ga nauyi. Ni da ƙanena muka cicciɓe ta muka ɗora a teburin Inna, ƙafa ɗaya ta ce ƙaras. Amma a yi adalci, teburin nan gara ta riga ta cinye shi, kuma katangar ta yi kyau, ko Inna ba ta ce ba ta yi kyau ba, abin da ta ce daban ne.

Na koma soso. Na kwana biyu ina sassaƙa da reza, na fesa masa fentin gwangwani, ina kallo ya narke ya motse kamar leda a wuta, don sinadarin da ke cikin fentin cin soso yake yi. Sufa gulu ma haka. Na uku na yi da kwali da sitatin rogo, saboda araha. Damina ta lanƙwasa kwalin, kyankyasai suka lashe sitatin. Wa zai gaya min? Babu wanda zan tambaya a duk unguwar. Ko da yake tsohon sojan ya ce in fara da ƙarama, ni ne na ga kamar raini ne.

Na zo da niyyar ba ku shawara goma, ku masu tasowa, amma da na zauna sai na ga ba su kai ba. Ka tsayar da soja kusa da aikinka kafin ka yanka komai. Ka yi katangar gunduwa-gunduwa, kamar santimita 15, yadda za ta shiga kwalin takalmi. Ka zana duwatsun a jikin soso da tsinin fensir, kowane dutse ya hau kan mahaɗar biyun da ke ƙasansa, kamar yadda magina ke jera bulo, gindin ya fi saman faɗi. Ka dunƙule takardar alminiyam ka daddanna, sai fuskar ta yi kaushi. Ka shafe shi da farin gam na kafintoci ya bushe, sannan baƙin fenti, sannan ka goge buroshi a tsumma har ya kusa bushewa ka shafa ruwan toka sama-sama. Ka ɗan sa jar ƙasa a gindi, duwatsunmu ba na Ingila ba ne.

Kada ka taɓa dutsen gaske. To, sai dai 'yar tsakuwa ƙanana a gindin katanga, wannan kam tana ƙara kyau, ni ma ina sawa. Kuma ka ji maganar manya. Ko da yake, in gaskiya za a faɗa, duk abin da na iya ɓarna ce ta koya min, wanda bai narkar da soso da hannunsa ba ban yarda ya san soso ba. Amma ku yaran yanzu ko ɓarnar ba ku da haƙurin yi. Bidiyon minti ɗaya, an gama fada guda da hasumiya, sai ku ɗauka haka abin yake, gam bai bushe ba kun fara ɗaukar hoto. Na tambayi yaron wane yaƙi zai buga, ya ce faɗuwar Kano, 1903. Ganuwar Kano ta ƙasa ce, yaro, haka ta Zariya. In dutse kake so, sai ka nemi labarin Surame, tsohon birnin Kanta sarkin Kebbi.

Da zan tafi na ɗaure ledar simintin a bayan babur. Ban kai Kawo ba uwarsa ta kira, wai in dawo da shi, nata ne, na gyaran bakin rijiya.