Bresson, daraktan da ya hana jarumansa yin aktin

Duk wanda ya saba da fina-finanmu na Kannywood ko na Indiya, inda sai an sha kuka an saki kiɗa kafin ka san abu ya yi zafi, ranar da ya fara kallon fim ɗin Robert Bresson cewa zai yi mutanen nan lafiyarsu kuwa? Fuska ba yabo ba fallasa, magana ba hawa ba sauka.

Kuma da gangan ne fa. Bafaranshe ne, an haife shi 1901 ya rasu 1999, da zane ya fara kafin ya shigo harkar fim, duk tsawon ran nan manyan fina-finai 13 kacal ya yi. Ba ruwansa da ƙwararrun jarumai, sai ya kwaso mutanen da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba ya sa su yi ta maimaita abu ɗaya har su gaji su daina neman burge kowa, to a nan ne yake samun abin da yake so.

Wanda ya fi kama ni shi ne A Man Escaped (wato wani mutum ya tsere) na 1956, labarin fursunan da sojojin Jamus suka kulle a kurkukun Montluc a garin Lyon, shi kansa Bresson ɗin ya yi zaman fursunan yaƙi a hannunsu. Mutum ne da cokali ɗaya, ya goga shi a ƙasa har ya yi kaifi yana kankare katakon ƙofa kaɗan-kaɗan, kai kuma hannunsa kawai kake gani, sai takun mai gadi da ƙarar makullai. Sunan fim ɗin ma ya riga ya gaya maka ya tsere amma wallahi gabanka sai ya yi ta faɗuwa. Da shi ya ci kyautar darakta a bikin fina-finai na Cannes a 1957.

Ɗan Katolika ne amma ba za ka ji yana maka wa'azi ba. Au hasard Balthazar na 1966 jaki ne jarumin, daga wannan hannu zuwa wancan, wannan ya loda masa kaya wancan ya jibge shi. Wani abokina a Unguwar Rimi da muka kalla tare ya ce "mutumina wannan ai babin haƙuri ake karanta mana", ni dai ina ga zaluncin ɗan Adam ya fi fitowa, har yau ba mu daidaita ba.

In za ka gwada fara da na kurkukun. L'Argent na 1983, na ƙarshensa, kan jabun kuɗi ne kuma yana da nauyi sosai, bar shi sai ka saba.