Ambulan ɗin da na miƙa wa Baba Rabaran

Jiya na miƙa makullan ɗakin kati na asibitin mishan bayan shekara tara. An yi mini 'yar walima, an sha lemo, admin, wato shugaban gudanarwa na asibitin, ya tashi ya ce ni ma'aikaciya ce mai biyayya, kowa ya tafa. Ni dai murmushi kawai na yi, don biyayyar nan da yake yabo ita ta jawo mini takardar tuhuma ɗaya tilo da ke cikin fayil ɗina, kuma shi da kansa ya sa mata hannu.

Duk wanda ya yi aiki a asibitin mishan ya san yadda ake daga Nuwamba zuwa Kirsimeti, coci-coci na ta turo masu shirin aure gwajin jini, na sikila da na HIV, wasu har da na ciki. To cikinsu akwai wata yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙa, gwajinta ya nuna tana ɗauke da ƙwayar cutar HIV, ita kanta bata sani ba tukuna don nas ɗin da ke zama da mutane ta faɗa musu a tsanake ta tafi jana'iza ranar. Wajen ƙarfe biyu sai ga Rabaran ɗin cocinsu ya shigo tare da admin, ya ce 'yata, kawo mini sakamakon yaran nan, ai ni na turo su. Na ce Baba ka yi haƙuri, masu shi ne ke karɓa. Admin ya harare ni ya ce ba Baba ba ne? ba shi mana, kina so ki koya masa aikinsa ne. Na ɗauko ambulan biyu, na rubuta a rajista, na sa hannu, na rusuna na miƙa.

Ba a faɗa a kan bagadi ba, gaskiya. Dattawa aka fara gaya wa, daga nan ya zama abin addu'a a zumuntar mata, mu tuna da 'yar'uwarmu wance da Ubangiji ya bari gwaji ya same ta, kun dai san yadda gulma ke ɗaura ɗankwali ta shigo coci. Kafin Laraba duk unguwa ta ji. Yarinyar a bakin mai kitso ta fara jin ciwonta. Aure ya watse, makarantar da take koyar da yara suka ce ta ɗan huta tukuna, hutun da bai ƙare ba har yau.

Sai ga wasiƙar lauya daga danginta. A cikinta na fara ganin sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta ce duk bayanin majinyaci sirri ne, ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko inda doka ta tilasta, ko in ɓoyewar babbar barazana ce ga lafiyar jama'a. Babu fasto a jerin, babu admin. Ga kuma dokar hana nuna wariya ga masu HIV, ita ma ta 2014. Shekaruna nawa ina riƙe da fayil ɗin mutane ba wanda ya taɓa nuna mini ko shafi ɗaya, amma sujadar safe kam in ka makara minti biyar sai an rubuta sunanka. A gaban kwamiti admin ya ce shi bai tuna ya ba da wani umarni ba. Rajista kuwa ta tuna da sa hannuna sarai. Aka dakatar da ni wata ɗaya ba albashi, aka je aka roƙi iyayen yarinyar da sunan mu duka 'yan'uwa ne cikin Almasihu, bai kamata a kai juna kotu ba, maganar ta mutu a nan.

A watan nan da na zauna a gida abin da ya fi cina ba albashin ba ne. Da ina ɗauka doka kayan Kaisar ce, mu kuma na Allah ne, in Rabaran ya yi magana ta wuce takardar Abuja. Lokacin Kirsimeti ne, ana ta karanta Matiyu sura ta ɗaya, inda Yusufu ya ga Maryamu da ciki amma saboda shi mai adalci ne bai so ya kunyata ta a gaban jama'a ba, ya yi niyyar rabuwa da ita a asirce. Na ji kamar da ni ake. Ashe sashe na 26 ya fi kusa da halin Yusufu fiye da rusunawar da na yi. Ban ce kada saurayin ya sani ba, haƙƙinsa ne, amma ta bakinta, a ɗaki, da nas a zaune tana musu bayanin cewa mai shan magani yadda ya kamata har ƙwayar ta daina nunawa a gwaji ba ya sa wa abokin aurensa, kuma ana haihuwar yara lafiya lau. Wataƙila da sun yi aurensu, wataƙila a'a, amma da su suka yanke.

Sauran abubuwan da na koya ba sai na ja ba. Umarnin baki, ka ce a rubuta maka. Wanda ya yi haɗari in an kawo shi a fara dubawa kafin a tambayi kuɗin kafin alƙalami, sashe na 20 ne na Dokar Lafiya, wanda ya ƙi dubawa tarar naira dubu 100 ko wata shida a gidan yari ko duka biyun, kuma Basamariyen nan mai tausayi na misalin Yesu ma bai nemi rasit ba. Wanda aka harba tun dokar kula da waɗanda aka harba ta 2017 ba a jiran takardar 'yan sanda, a fara magani sannan a sanar da su. Fom ɗin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, kada ka ƙara maganin da ba a bayar ba ko da an ce don a biya albashi ne.

Yarinyar yanzu wani gari take zuwa karɓar maganinta, tafiyar awa biyu, alhali muna da shi a nan kyauta. Watan jiya muka haɗu a tasha, ta rusuna ta ce Mama ina wuni, na amsa, na buɗe baki zan ƙara wani abu sai kwandasta ya ce saura mutum ɗaya, ta shiga.