Minti biyu da rabi a wayata

Asabar. Tun asuba nake kan ƙafa. Waina ta tashi yau, Hanif ya cinye bakwai yana cewa bai ƙoshi ba. Tela sai ƙarfe ɗaya ya aiko da ɗinkin anko, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na saka abina haka na rufe da mayafi.

Wunin gidan su Fati ya yi kyau, abinci ya ishi kowa, abin da ba kasafai ake gani ba. Bayan la'asar ne wani yaro da ba zai wuce shekara ashirin ba, da ƙananan kaya da baƙin gilashi, ya roƙi mai kiɗa ya ba shi makirfo wai zai rera wa amarya waƙar da ya tsara mata. Muryar nan, Allah Ya yafe mini, kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti. Kiɗa na gabas, shi yana yamma. Mata suka tuntsire, Anti Rabi har da hawaye. Wasu suka tashi suna yi masa liƙi da 'yan hamsin-hamsin, ana ta "ƙara! ƙara!", shi kuwa ya lumshe ido ya dafe ƙirji ya ƙara ƙaimi. Na ɗauka a waya. Da aka gaji, mai kiɗa ya kashe masa makirfo ya saki wata waƙar a kansa. Bakinsa na motsi, ba a jin komai, aka sake fashewa. Kafin mu fito na tura bidiyon a gurup ɗin gida.

Bayan isha'i na tarar da Sadiq a falo ya baje takardu, yana fama da aikin nan nasa da ya hana mu sakat tun watan jiya. Na miƙa masa waya na ce ya huta ya yi dariya. Ya kalla har ƙarshe, ko murmushi babu.

"Yaya, ya san dariya kuke masa?"

Na ce wa ya sani, ai ya tara kuɗinsa. Sai ya juyo mini da kwamfutar, ga wani tsohon hoto, mata cikin dogayen riguna sun ɗaure fuska. Ya ce 'yan gidan Cherry ke nan, ya da ƙanne, daga wani gari Marion a jihar Iowa ta Amurka. Na ce to ina ruwan biri da gada? Ya ce in zauna.

Wai aikin nasa a kan bodabil ne, wasan dandamalin da Amurkawa suka fi kallo daga wajen 1880 har farkon shekarun 1930, kafin rediyo da fim mai magana su kashe masa kasuwa. Tikiti ɗaya za ka yanka, a jero maka wasa takwas ko tara: masu alkafura, mai wasa da karnuka, mai rufa-ido, mawaƙiya, masu barkwanci, kowa da 'yan mintunansa, goma ko ashirin. Na ce kamar a haɗa 'yan hoto da gardawa da 'yan kama da 'yan gambara a dandali ɗaya ke nan. Ya ce kusan haka, sai dai jerin ba da ka ake yinsa ba. Wanda ba ya magana shi ke buɗe fage, don a lokacin mutane na shigowa suna neman kujera, hayaniya ba za ta ɓata masa komai ba. Babban tauraro shi ne na biyun ƙarshe. Na ƙarshe kuwa ƙeya yake yi wa wasa, jama'a sun miƙe suna neman ƙofa. Wannan ta ba ni dariya, don na tuna mai wa'azin da aka sa bayan rabon abinci a walimar Zainab.

Daga nan ya shiga zancen 'yan kallo. 'Yan saman bene, masu kujerar araha, su ne alƙalai: in ba ka burge su ba sai fito da ihu da jifa. Har wani B. F. Keith, mai gidajen wasa da ya faro daga Boston, ya sha fama kafin ya koya musu zama shiru, don yana so mata da yara su riƙa zuwa. A wani gida kuma a unguwar Bowery ta New York, daren 'yan koyo, doguwar sanda ce mai lanƙwasa a kai, irin ta masu kiwon tumaki, ake miƙowa daga bayan labule a ƙugiyo wanda ya kasa, 'yan kallo na ihu a kawo ƙugiya. Ya ce, "Mai kiɗanku ƙugiyarsa a yatsa take."

Na yi shiru. Sannan na ce mu dai ba mu jefi kowa ba, tumatir ma da tsadarsa wa zai yi asara.

Ya ce ai su 'yan gidan Cherry jifan ne jarinsu. A 1896 wani mai gidan wasa, Oscar Hammerstein, bashi ya yi masa katutu, ya ɗauko huɗu daga cikinsu ya kai gidansa na Olympia a New York, ba don sun iya ba, don ba su iya ba. Waƙoƙinsu da wasanninsu na gargaɗi da tarbiyya su suka rubuta abinsu, ƙaramar, Jessie, tana dukan babbar ganga. Mutane suka riƙa cika gida makonni, da ruɓaɓɓen kayan miya a aljihu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da wata jarida ta birnin Des Moines a Iowa ta buga rubutun da ya yi kaca-kaca da su, har da siffarsu da muryarsu, kotu suka kai ta. Suka sha kaye a kotun ƙolin jihar a 1901. Hukuncin ya tsaya a kan cewa wanda ya fito ya yi wasa a bainar jama'a, jarida na da damar sukar wasansa ko da ba'a ce.

Na ce to ka gani, wadda ta kai ƙara ai da gaske take, ba ta san wasa ake da ita ba. Ya ce ko kuma ta sani sarai, ta ga inda abinci yake. Muka yi ta ja. Ni na ce ɗan kama in ya fito da rawaninsa da tulin takardu yana kwaikwayon malami yana yabon tuwo, shi ya haƙa ramin dariyar da hannunsa, mu muka faɗa. Wannan yaron kuwa mu muka haƙa masa. Sadiq ya ce, "To Yaya, kin amsa tambayata ke nan," ya koma kan takardunsa kamar bai ce komai ba. Yaron nan wani lokaci ji nake kamar in maƙure shi.

Wai ɗaya daga 'yan gidan Cherry ɗin, Effie, daga baya har takarar magajin garin Cedar Rapids ta tsaya, sau biyu. Ba ta ci ba.

Baban Hanif ya dawo sha ɗaya saura, ya ce mai ya ƙare a janareta, kowa ya yi caji da wuri. Na ɗumama masa miya. Umma ta kira a kan kulolinta, na ce gobe.

Yanzu ina kwance, na sake kallon bidiyon ba sauti. Wajen ƙarshe akwai inda ya buɗe ido ya dubi makirfon, ya ɗan bubbuga shi da yatsa, ya ɗauka lalacewa ya yi. Ban lura da wurin ba da rana. Kuma muryar da ta fi kowa ƙarfi a cikin masu cewa "ƙara", da na mayar da sautin, tawa ce.

Na shiga gurup in goge, na tarar Anti Rabi ta riga ta ɗora shi a sitatus, ta jera fuskokin dariya shida a ƙasa.