Auna furotin a jinin masu sankarar huhu: inda aikin ke lalacewa

Aikinmu shi ne mu ɗibi jinin masu sankarar huhu kafin a fara musu magani, mu auna wasu furotin, sannan mu bi su mu ga ko yawan furotin ɗin na tafiya da tsawon lokacin da suka rayu. Rai dai na Allah ne. Abin da likita ke nema shi ne ya gane wanda cutar za ta fi yi wa gaggawa.

Ga nau'in sankarar da ya fi yawa, wanda ya kai kusan kashi 85 cikin 100, mun dogara da furotin biyu, CYFRA 21-1 da CEA. Ga ɗaya nau'in kuwa, mai ƙananan ƙwayoyi, furotin ɗin da muke aunawa su ne NSE da ProGRP da LDH. Iyakar da aka saba sa wa CYFRA ita ce 3.3 ng/mL, ta CEA kuma 5, sai dai mai shan taba kan haura wannan ko ba sankara.

Yawancin ɓarnar tun a kwalbar jini take faruwa. NSE na cikin jajayen ƙwayoyin jini ma, don haka da zarar sun fashe, adadin sai ya yi sama ba gaira ba dalili. Ruwan jinin da ya kamata ya fito rawaya, in ka ga ya ɗan yi ja-ja, ajiye shi gefe a sake ɗiba. Ƙa'idarmu ita ce a juya jini a inji na minti 10 cikin awa ɗaya da ɗiba, a raba ruwan a ƙananan kwalabe na rabin mililita, a daskarar a sanyin digiri -80 na Celsius. Rabawar na hana narkarwa da sake daskarewa, wanda ke lalata furotin. ProGRP kuwa ba ya jure zama a ruwan da ya rabu da jini bayan ya yi guda, gara kwalba mai EDTA, sinadarin da ke hana jini yin guda. Kuma a duba ƙoda tukuna: in ta yi rauni, ProGRP da CYFRA sukan taru ko ƙarin bai girma ba.

Wani tarkon yana wajen gwaji. In ka jera samfurin waɗanda suka rasu a farantin gwaji ɗaya, na masu rai a wani, bambancin faranti zai fito maka kamar gano sabon abu. Mukan gauraya su, mai gwajin kuma bai san na wa ke hannunsa ba.

Lissafi ne ya fi rage mana zumuɗi. Zanen Kaplan-Meier, mai nuna yawan waɗanda suka rage da rai a kan lokaci, kan nuna rata mai kyau tsakanin masu yawan CYFRA da masu ƙarancinsa, amma da ka shigar da matakin cutar na TNM (girman ƙari da yadda ya bazu) da ƙarfin jikin majiyyaci cikin lissafin Cox, mai auna tasirin abubuwa da yawa a tare, ratar takan ragu, domin babban ƙari ne ke zubar da furotin da yawa. Furotin da bai ƙara komai a kan mataki ba, a ganina, bai cancanci kuɗin gwaji ba. Kada kuma a cusa abubuwa barkatai cikin lissafin: kowane abu ɗaya na bukatar kimanin mutuwa 10 a cikin bayanan.

Abin mamaki, gwaje-gwaje biyu masu araha sun tsaya da ƙafarsu: CRP (furotin mai nuna kumburi a jiki) sama da 10 mg/L tare da albumin (furotin da ya fi yawa a ruwan jini) ƙasa da 35 g/L, wato ma'aunin Glasgow. A tabbatar dai babu ciwon huhu na ƙwayoyin cuta ranar ɗibar, don shi kaɗai yana ɗaga CRP.