Darussan da na koya daga rikicin tashar gas ta Cabrillo a tekun Kalifoniya

A kwas ɗin tsara muhalli da na yi bayan na fara aiki a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, an raba mana rigingimu na gaske daga ƙasashe daban-daban domin kowa ya bi diddigin nasa ya rubuta rahoto, ni kuma rabona ya faɗa kan tashar iskar gas da kamfanin BHP Billiton na Ostireliya ya nemi ginawa a cikin teku a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda aka raɗa wa suna Cabrillo Port. Kamfanin ya shigar da buƙatarsa a shekarar 2003, aka yi shekara huɗu ana kai ruwa rana, har aka yi watsi da ita a 2007. Abin da ya ja hankalina tun farko shi ne cewa majalisun garuruwan da suka fi ɗaga murya, wato Oxnard da Malibu, ba su da ikon ba da izini ko hana shi, amma duk da haka abin da suke so shi ne ya tabbata.

Abin da kamfanin ya tsara wani ƙaton jirgi ne mai tsawon kusan mita 300 wanda za a ɗaure shi wuri ɗaya, kimanin kilomita 22 daga gaɓa, ɗauke da manyan tankuna uku. Iskar gas idan aka sanyaya ta zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri takan zama ruwa, girmanta ya tsuke har sau 600, ta haka ne ake iya lodinta a jirgi a ƙetare teku da ita. Jiragen dako za su riƙa kawo wannan ruwan daga ƙasashen waje su juye a tankunan, a ɗumama shi ya koma iska, sannan a tura shi ta bututu biyu da za su bi ƙarƙashin teku su fito a gaɓar Ormond da ke Oxnard. An yi lissafin tashar za ta samar da gas ƙafa kyubik (ma'aunin yawan gas) miliyan 800 a kowace rana, wato fiye da kashi goma cikin ɗari na abin da jihar ke ƙonawa. Hujjar kamfanin ba ta banza ba ce a wancan lokaci, domin mutanen jihar ba su manta da ɗauke wuta da tsadar lantarki na 2000 da 2001 ba, kuma masana da yawa sun yi amanna cewa gas ɗin cikin gida na Amurka ya kama hanyar ƙarewa.

Wanda ya shimfiɗa taswirar wannan yanki na teku zai ga cewa ba fili ne da babu mai shi ba. Layukan da manyan jiragen kaya ke bi zuwa tashoshin Los Angeles da Long Beach sun ratsa ta mashigin Santa Barbara, tsibiran Channel da aka keɓe domin kare halittun ruwa suna gefe, sannan ga filin gwajin makamai na sojojin ruwa na Point Mugu, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in mil 36,000, inda ake harba makamai masu linzami tun bayan yaƙin duniya na biyu. An ɗora ɗigon tashar a wani ɗan tsukin wuri tsakanin waɗannan layuka. Ba sai mutum ya zama injiniya ba kafin gabansa ya faɗi idan ya ga tankunan gas suna maƙwabtaka da inda ake gwada makami, kuma wannan tsoro ya fito a bakin mazauna yankin a tarurrukan jin ra'ayi. Suna da abin tunawa: gobarar tankin gas ta birnin Cleveland a 1944 ta kashe mutum kusan 130, fashewar masana'antar Skikda a Aljeriya a watan Janairun 2004 ta kashe mutum 27 ana tsakiyar wannan muhawara, ga harin da aka kai wa jirgin dakon mai na Faransa mai suna Limburg a gaɓar Yaman a 2002, shekara guda bayan harin 11 ga Satumba. Ban ɗauki wannan tsoro a matsayin jahilci ba, kuma ina ganin duk jami'in da ya ɗauke shi haka ya raina mutanen da yake yi wa aiki.

Malamin da ya duba rahotona ya mayar mini da daftarin farko da tambaya ɗaya a gefen shafi, cewa in nuna masa wanda ke riƙe da biron sa hannu a kowane mataki. Amsar wannan tambaya ita ce ta buɗe mini sha'anin gaba ɗaya. A dokar Amurka, ruwan da ke tsakanin gaɓa da mil uku na jiha ne, abin da ya wuce nan kuma na tarayya ne. Dokar tashoshin cikin teku ta 1974, wadda aka yi wa gyara a 2002 domin ta haɗa da iskar gas, ta ɗora tantance buƙata a kan rundunar tsaron gaɓa da hukumar sufurin ruwa ta tarayya, amma ta bai wa gwamnan jihar da ke maƙwabtaka da tashar damar hawa kujerar na-ƙi. Bututun kuma dole ne ya ratsa mil ukun nan na jiha, saboda haka sai hukumar filaye ta jiha ta ba da hayar ƙasan teku, sannan hukumar kula da gaɓa ta tabbatar cewa aikin bai saɓa wa dokar gaɓar jihar ba. Ƙofofi uku ke nan a hannun jiha, kuma babu ko ɗaya a hannun kansila. Ƙudurin da majalisar gari ta zartar na nuna adawa, a idon doka, ra'ayi ne kawai da za a saka a fayil.

Da sun tsaya a kan zartar da ƙuduri da yin jawabi, da wataƙila tashar tana nan a yau. Abin da ya faru shi ne garuruwan da ƙungiyoyin kare muhalli, musamman lauyoyin Environmental Defense Center da ke Santa Barbara, sun zauna sun karanta rahoton tantance illa ga muhalli mai dubban shafuka, suna neman inda aikin ya taka wata doka takamaimai wadda waɗancan hukumomi uku ba za su iya kau da kai daga gare ta ba. Sun same ta a batun iska. Gundumar Ventura, inda Oxnard take, ta daɗe ba ta cika mizanin tsabtar iska ba, don haka dokarta ta wajabta wa duk sabuwar babbar masana'anta ta yi amfani da na'urori mafi inganci, ta kuma rage hayaƙi a wani wuri daidai da wanda za ta ƙara. Hukumar kare muhalli ta tarayya da farko ta ce wannan doka ta hau kan tashar, sai a 2005 ta sauya matsayi ta ce za a ɗauki tashar kamar tana kan tsibiran Channel ne, inda sharuɗɗan suka fi sauƙi. Masu adawa suka riƙe wannan sauyi gam, suna nuna cewa tashar da jiragenta za su fitar da fiye da tan 200 na hayaƙi mai gurɓata iska a shekara, kuma iskar teku gaɓa take kaɗawa, ba tsibiri ba. Har ɗan majalisar wakilai Henry Waxman ya nemi hukumar ta yi bayanin dalilin sauyin.

A ranar 9 ga Afrilun 2007 hukumar filaye ta zauna a cikin garin Oxnard, jama'a suka cika zauren har waje, aka wuni ana sauraron mutane har dare, sannan mataimakin gwamna John Garamendi da mai kula da asusun jiha John Chiang suka jefa ƙuri'ar ƙin ba da hayar, aka tashi biyu da ɗaya. Bayan kwana uku hukumar gaɓa ta bi sahu ba tare da ko mutum ɗaya ya goyi bayan aikin ba. A ranar 18 ga Mayu Gwamna Arnold Schwarzenegger ya ƙi amincewa, duk da cewa ya bayyana cewa yana goyon bayan shigo da gas irin wannan a jihar, kuma dalilan da ya kafa su ne gurɓata iska da cutar da halittun teku.

A nan ne na tsaya na daɗe ina tunani, domin makami mai linzamin da ya tsoratar da mutane ba shi ne ya kashe aikin ba. Hujjar da ke tara jama'a a zaure daban take da hujjar da mai sa hannu zai iya rubutawa a takarda ya kare ta a gaban alƙali, kuma ƙaramar hukumar da ke son cin nasara tana buƙatar duka biyun. Batun filin soja yana da wani rauni na musamman: mai filin ne kaɗai zai iya cewa an takura masa. Idan rundunar ba ta fito ta ce aikin zai hana ta gwaji ba, kansilan da ya ce zai hana yana magana ne da yawun wanda bai aike shi ba, kuma lauyan kamfani zai rusa maganar cikin minti biyu. Jihar Fulorida ta nuna ɗaya fuskar. A gabashin Tekun Meziko akwai babban filin gwaji da sansanin sojojin sama na Eglin ke amfani da shi, kuma a 2005 sakataren tsaro Donald Rumsfeld ya rubuta wa majalisar dattawa cewa haƙar mai da gas a gabas da wani layi da aka shata ba za ta yiwu tare da ayyukan soja ba. A 2006 majalisa ta saka wannan layi a cikin doka ta hana ba da hayar haƙa har zuwa 2022, daga baya Shugaba Donald Trump ya tsawaita hanin zuwa 2032. Gundumomin gaɓar Fulorida, waɗanda abincinsu ya rataya a kan sansanonin soja da masu yawon buɗe ido, suna kafa hujja da wannan layi kuma ana saurarensu, saboda ma'aikatar tsaro ce ta fara faɗa da bakinta.

Akwai abin da ya dame ni a yadda aka ba da labarin nasarar. Kyamarori sun fi zuwa Malibu, garin attajirai da taurarin fim, alhali bututun a Oxnard zai fito, garin da mafi yawan mazaunansa 'yan asalin Latin Amurka ne, da yawansu ma'aikatan gona. Gaɓar garin ta riga ta ɗauki tashoshin lantarki biyu, na Ormond da na Mandalay, ga tarin dattin tsohuwar masana'antar narka ƙarfe ta Halaco, wanda a shekarar 2007 ɗin nan aka saka shi cikin jerin wurare mafi gurɓata da tarayya za ta share. Mutanen Oxnard sun taɓa korar wata tashar gas a shekarun 1970, saboda haka sun san hanya, amma ina shakkar ko muryarsu kaɗai za ta isa kunnen gwamna ba tare da kuɗi da sunan maƙwabtansu ba. Kuma gas ɗin da aka ƙi bai fasa zuwa yankin ba: a 2008 kamfanin Sempra ya buɗe tashar Costa Azul kusa da Ensenada a ƙasar Meziko, ƙetaren iyaka kaɗan, inda mazauna ba su da waɗancan ƙofofi uku. Wanda ya yi murnar cewa an kare gaɓa ya kamata ya tambayi gaɓar wa aka kare.

Hasashen da aka gina aikin a kansa ma bai yi tsawon rai ba. Cikin 'yan shekaru sabuwar dabarar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa ta cika Amurka da gas, tashoshin da aka gina domin shigo da shi suka zauna babu aiki, tashar Sabine Pass ta jihar Luwiziyana ta juya ta fara fitar da shi a 2016, kuma a 2023 Amurka ce ta fi kowace ƙasa sayar da shi a duniya. Kansilolin Oxnard ba su hango wannan ba, kuma ba zan jingina musu hikimar da ba su yi da'awa ba, amma tun daga nan duk takardar da ta zo teburina tana cewa aiki dole ne kuma na gaggawa ne, nakan nemi shafin da aka yi lissafin buƙatar in ga shekara nawa aka hango da kuma wanda ya biya kuɗin hangen.

Tsarinmu a Najeriya ya bambanta, domin mai da gas suna cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, kuma gwamna ba shi da kujerar na-ƙi irin ta Kalifoniya. Duk da haka dokar tantance illa ga muhalli ta 1992 ta wajabta a baje rahoton babban aiki domin jama'a su gani su yi sharhi, kuma sakatariyar ƙaramar hukuma na cikin wuraren da ake ajiye shi, ko aikin hanya ne, ko madatsar ruwa, ko bututun gas irin na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Na taɓa ganin irin wannan rahoto a ofishinmu, kundi biyu masu kauri a kan teburin masinja, an ɗora musu kofin shayi, rajistar sharhi kuma a gefe babu ko layi ɗaya a ciki har wa'adin ya cika aka zo aka kwashe. Bayan an fara aikin ne manoma suka zo da kuka a kan hanyar ruwan da aka toshe musu, alhali taswirar magudanar tana cikin kundin tun farko, da Turanci, a shafin da babu wanda ya buɗe.

Yanzu idan rahoto ya iso, nakan ɗauki babin ruwa da na filaye in taƙaita su da Hausa a shafi biyu, in kai wa hakimi da dagatai da limamai da shugabannin manoma, in nemi shugaban ƙaramar hukuma ya sa hannu a kan sharhin da muka haɗa, a aika wa ma'aikatar muhalli ta tarayya kafin wa'adi ya ƙare, a kuma karɓo shaidar cewa ya isa. A cikin sharhin nakan rubuta damuwar mutane yadda suka faɗe ta, sannan a ƙarƙashin kowace damuwa in saka lambar shafin rahoton da sashen dokar da ya shafe ta.