Ku duba saiwa kafin ku ɗaga fartanya

Ƙannena masu sha'awar lambu, duk tsiron da ya fito a fangalinku, kada ku yanke masa hukunci ranar da kuka gan shi. Karas kan yi mako 2 zuwa 3 kafin ya tsiro, kuma ganyensa biyu na farko sirara ne kamar na ciyawa. Albasa ma haka take ɓullowa, zare ɗaya a lanƙwashe. Ni da na fara, watsa irina na yi barkatai. Da fangali ya yi kore, na tsuguna na cire karas ɗina da hannuna, na bar harkiya ina shayar da ita safe da yamma. Ku yi shuka a layi, ku kafa tsinke a kowane ƙarshe. Abin da ya fito a gefen layi, baƙo ne. Ku kuma zuba 'yan ƙwayoyi a gwangwani daban, don idonku ya saba da kamannin tsiron.

Amma ɓarnar da ta fi wannan, rashin sanin saiwa ce ta ja mini ita. Ciyawa irin ƙarangiya da tsidau da iri kawai suke yaɗuwa, in kun nome su kafin su yi 'ya'ya kun gama da su. Aya-aya kuwa, wadda za ku gane da kararta mai kusurwa uku idan kun murza ta a yatsa, ƙwayoyi gare ta a ƙarƙashin ƙasa, jere a kan zare. Na yi ta sararta da fartanya ina jin na yi aiki, ashe tsinka zaren nake yi, kowace ƙwaya tana farkawa ta zama sabuwar ciyawa. Kiri-kiri ma duk gaɓar da ta rage a ƙasa sai ta tofo. Waɗannan tono suke so, a hankali, lokacin da ƙasa take da laima, a tsince su a fitar da su daga lambun. Balasa kuwa ko kun cire ta, muddin kuka yar da ita a kan danshi, za ta sake kamawa. Ku shanya ta a rana ta bushe ƙayau.

Zaƙami dai kada a yi masa sassauci. Dangin tumatir ne, amma guba ne daga ganye har iri, bai dace da wurin da yara ke shiga ba.

Yawancin ciyawar nan ma ni na kawo ta, cikin ɗanyen takin dabbobi da bai ruɓe ba. Yanzu sai taki ya ruɓe sosai nake zubawa. In na gyara fangali, sai in ba shi ruwa in bar shi kamar mako 2, ciyawa ta fito, in kankare ta sama-sama, sannan in yi shuka. Kada ku sake juya ƙasar bayan haka, domin irin da ke kwance can ƙasa za ku taso.

Wajen zaɓen abin shuka, hoton bayan fakiti ya sha ruɗa ta. Na sa tumatir a gindin katanga inda rana ba ta daɗewa, ya yi tsawo zalau-zalau ba 'ya'ya. Shi da barkono suna son rana ta awa 6 zuwa 8 a yini. Latas na shuka shi cikin zafi, ya miƙe ya yi fure, ganyen ya yi ɗaci. Kafin ku sayi iri, ku yini kuna lura da inda inuwa ke faɗawa, ku dunƙula ƙasar a hannu ku ji yashi ce ko laka, ku kuma auna ruwan da za ku iya kawowa kullum ba tare da kun gaji ba. Karas sai ƙasa mai laushi, kuma ba ya son dashe.

Inda kuka yi tumatir bana, kada ku sa barkono ko dankalin Turawa baɗi, cuta ɗaya ke cin su. Ku sa wake ko albasa. Na'ana'a kuma a tukunya za ku ajiye ta. Tawa da na dasa a fangali, har yau ina tono saiwarta daga cikin albasa.